Manaja da Abokan Zamansa

"Maman Sunday, ki cire shi yau, ba gobe ba," in ji Baban Grace, yana nuna akwatin gilashin da yatsa.

Martha, wato Maman Sunday, ta dire masa kwanon kunu, ta ja tsaki. Mutum kwana tara bai taka ƙofar ɗaki ba, ƙafafu sun kumbura kamar doya, amma wai kifi ne damuwarsa!

Benson ne sunansa, maƙwabcinta a gidan haya a Kakuri, tsohon foman na sashen rini a wata masaƙa. Da Baturen da yake wa aiki zai koma ƙasarsu a 1984, masu hankali suka ɗauki firji da rediyo. Shi kuwa gogan naka ya kinkimo akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da wani ƙaton talibamban na teku mai haƙora kamar filaya. Ya sa masa suna Manaja.

Wai don kada kaɗaici ya dami Manaja, sai ya riƙa sa wani direban tirela yana kawo masa ƙananan kifaye daga Legas a cikin garwa. Manaja ya fara da wutsiya, ya bi da ido, kafin sati ya zagayo ko ƙaya babu. Benson ya ce, "Bai saba da su ba ne." Oho dai! Haka matarsa ta yi shekara goma sha biyar tana jira ya saba da ita, ta gaji da duka ta koma Makurdi.

Guda ɗaya ne ya tsira, wani ɗan rawaya mai wayon ɓuya a kogon dutse. 'Yarsa Grace, wadda ita kaɗai ke rubuto masa wasiƙa, ta ƙyalla ido a kansa da ta zo Kirsimeti. Shi ne kifin da Benson yake so ya bar mata, kuma tana hanya, da la'asar za ta iso. Ga shi tun da ya kwanta ba mai nemo wa Manaja dodon koɗi, da safen nan har ya yage wa ɗan rawayan rabin wutsiya.

"Da ruwansa za ki ɗebo. Kin ji ko? Da ruwansa."

"Na ji, Baban Grace. Sha kununka."

Ta zura rariya ta kamo ɗan rawayan, Manaja ya kumbura ya yi tamtsan yana hararar ta. Ta ce, "Fashe mana, mummuna." Sai ta ɗan taɓa ruwan a harshe, ta tofar. Kai! Ko kifin da za ta soya ba ta zabga masa gishiri haka. Ga ƙarni, ga gansakuka a gefe. Wannan ƙazantar za ta miƙa wa yarinya mai koyon aikin nas? Ina! Ta kai kifin ɗakinta, ta cika tasarta ta falo da ruwan famfo garai-garai, ta sake shi. Ya shiga zagaye a guje kamar an koro shi.

"Ka gani, ka samu lafiya," in ji ta.

Da ta koma, Benson ya buɗe ido da ƙyar. "Da ruwansa?"

"Da ruwansa," ta ce, don ya bar ta ta huta.

Ya yi murmushi, abin da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Kafin jiniyar masaƙa ta busa sha biyu ya cika.

Matan zumunta na coci suka cika tsakar gida da waƙa, har da waɗanda ya taɓa zagi a kan igiyar shanya. Martha ta shiga ɗaki ɗauko zane, ta leƙa tasa. Ɗan rawayan na kwance a gefe ɗaya, baki buɗe. Ta taɓa shi, bai motsa ba. Ashe dai mutumin ya san abin da yake faɗa. Kunya ta rufe ta, haushi kuma ya bi baya: ita da ta yi masa jinya, ita za a nuna da baki a kan kifi?

Ta dunƙule shi a hannu, ta ratsa mata ta shiga ɗakin mamacin, ta jefa shi cikin akwatin. Loma biyu Manaja ya yi masa.

Grace ta iso da jakarta a kafaɗa. Bayan ta ga gawar ubanta, ta share hawaye ta ce, "Mama, ya rubuto cewa ya ajiye mini ɗan rawayan nan."

Martha ta nuna akwatin da leɓe. "Ga wanda za ki tambaya. Na sha gaya wa ubanki, bai ji ba."

Grace ta daɗe tana kallon gilashin. Can ta ce a hankali, "Ko wannan ɗin ma bai iya tsare mini ba." Ta juya ta fita, ba ta sake waiwayar gadon ba.

Martha ta kai tasarta bakin famfo, ta cuɗe ta da toka, ta ɗauraye, ta sake cuɗewa. Sannan ta kife ta a kan katanga, ruwa na ɗiga a ƙasa.