Abin da ke Ƙarƙashin Baƙin Fenti

Boniface mai fentin mota ne a wani gareji a Nasarawa, kuma abu biyu aka san shi da su: ido mai gane launi, da zuciya a kusa. Shekara goma sha tara ke nan yana neman wanda zai gaya masa inda mahaifinsa, Cyril, ya ƙare. A rikicin 1966 mutumin ya fita daga Kakuri cikin Fijonsa 403, daga shi har motar ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Wata Talata da hantsi aka jawo wata tsohuwar 403 da igiya. Irinta da yawa sun bi ta hannunsa, har ya daina bari gabansa ya faɗi. Mai ita wani dattijo ne, Baba Shekari, wanda ya yi ritaya daga masaƙa.

"A mayar da ita yadda ta fito daga kamfani," in ji dattijon. "Har rim ɗin tayoyin. Wannan baƙin ba nasu ba ne."

"To wane launi ne nasu, Baba?"

"Kai ne mai aikin. Nemo."

Mai fentin kirki ba ya cankar launi. Safayar taya yake cirowa daga but, don rana ba ta cin ta, ya bi bayan rim ɗin da reza a hankali har ya iske fentin farko. Haka Boniface ya yi. Baƙin ya ɓare, wanda ya shafa shi ma da buroshin fentin gida ya shafa, aikin gaggawa. A ƙarƙashi launin ruwan madara ya fito, tas da shi. Ya ƙara kankarewa don ya sami fili mai faɗin da zai gwada haɗinsa, sai rezar ta ci karo da wasu 'yan ramuka.

Ƙananan ɗigo ne da aka buga da ƙusa, suka zama haruffa biyu, C da U, farkon sunayen mahaifinsa. Haka yake yi wa kowane rim saboda ɓarayin taya. Boniface da kansa ya riƙe masa ƙusar ranar da aka buga waɗannan.

Mai hankali zai yi tambaya. Boniface sifanar taya ya rarumo.

Dukan farko a kafaɗa ya sami dattijon, aka ji ƙashi ya amsa. Baba Shekari ya ɗaga hannu zai yi magana, na biyu ya karya masa yatsu. Ya faɗi kan gwangwanayen fenti, ja da shuɗi suka malale a ƙasa. Boniface ya hau ruwan cikinsa ya shaƙe shi da hannu ɗaya.

"Na you kill am? Kai ka kashe shi ka ɗauke motarsa?"

Bai jira amsa ba, ya sauke masa ƙarfen a gefen kai. Makanikai uku suka yi kansa, ya fasa wa ɗaya baki da gwiwar hannu. Sai da Monday mai walda ya maka masa katako a baya sannan suka iya danne shi a ƙasa, yana huci, yana cizon duk hannun da ya zo kusa.

Baba Shekari yana kwance, jini na bin kunnensa. Da ƙyar muryarsa ta fito.

"Ku sake shi. Ɗan Cyril ne, yanzu na tabbata."

Suka sake shi. Dattijon ya dubi Boniface.

"Maƙwabcina ne ubanka. A hanyar Gonin Gora na tsince shi cikin motar, masu rikici sun riga sun gama da shi. Ni na binne shi da hannuna. Na shafe motar da baƙi na ɓoye ta a ƙauyenmu, kada a ƙone ta." Ya tsaya ya haɗiye jini. "Mutum biyu sun taɓa zuwa suka ce su ne 'ya'yansa. Shi ya sa na ce ka nemo. Na so in miƙa maka ita yadda ya bar ta, sannan in kai ka kabarin."

Tsoro ya kama Boniface, irin wanda bai taɓa ji ba ko a lokacin yaƙin basasa. Ya ja jiki ya tallabo kan dattijon, ya toshe raunin da rigarsa.

"Baba, ina ne? Don Allah, a ina ne?"

"Gindin ɗorawa," in ji Baba Shekari. "Idan ka wuce..."

Bakinsa ya ci gaba da motsi, amma babu sauti. Aka tare tasi, suka nufi asibiti, Boniface na rungume da shi yana kiran sunansa. Kafin su kai gadar kogi hannun dattijon ya saki.

Bayan shekara shida Boniface ya fito daga kurkuku, ya wuce Gonin Gora kai tsaye. Ya yini yana bin bakin hanya a ƙafa, yana tsayawa gindin kowace ɗorawa. Da ya ƙirga ɗari da goma sha ɗaya sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka.