Shagon Kwana da Kek ɗin Vernell

Shekara talatin da ɗaya ina yin kek ɗin dankali a cocinmu da ke arewacin Milwaukee. Duk wanda aka binne a unguwarmu, in dai mai mutunci ne, to nawa ake ci bayan an dawo daga maƙabarta. Ba yabon kai ba, har fasto yakan rage murya ya ce, "Yaya Earline, a ɓoye mini yanka biyu."

A wajenmu mace ba ta ba da sirrin girkinta duka. In ƙawa ta matsa miki, sai ki rubuta mata, amma ki rage wani abu ko ki karkatar da awo. Haka kakata ta yi wa surukanta a Mississippi. Kowa ya san ana yi, ba mai faɗa. To shekara tara da suka wuce, maƙwabciyata Vernell Tubbs, wadda muke waƙa layi ɗaya a coci, ta ishe ni da roƙo har na gaji. Na rubuta mata. Na rage rabin sukari, na cire gyaɗar ƙamshi, na ƙara ruwan lemon tsami cokali biyu, abin da ban taɓa sawa ba tun da aka haife ni. Ta yi ta godiya, ni kuwa na yi barcina lafiya lau.

Tun da gwamnati ta fitar da babbar hanya ta tsakiyar shagunan iyayenmu, layinmu bai sake tashi ba. Bankuna kuwa in sun ga baƙar fatarmu sai su tuna an tashi aiki. Mu da kanmu muka kafa ƙungiyar unguwa, muka zaɓi Cleophus Gaither, tsohon direban bas, ya shugabance mu. Bara ƙungiyar ta sayi tsohon ginin da ke kwanar layinmu, ta gyara shi ya zama shago shida, duka na 'yan unguwa. Wani ɗan Mexico ya sami na gyaran keke, wata 'yar ƙabilar Hmong ta sami na ɗinki. Na kwana, mai babbar taga da obin gasa kek sabo fil, aka ware wa abinci.

Ban ma ɗauka akwai takara ba. Har na auna tagar da ido na zaɓi labule. Sai Cleophus ya ce ba sani ba sabo, unguwa ce za ta zaɓa: kowa ya kawo girkinsa, a jera ba suna, mutane su ɗanɗana su jefa wake a kwalbar wanda ya fi musu. Na ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da aka juye kwalabe ran Asabar, tawa ba ta kai rabin ta Vernell ba. Mutanen da na ciyar a jana'izar iyayensu su ne suka tsaya suna lashe yatsa a gaban farantinta. Wata tsohuwa har tana cewa wannan ba ya hawa kai, ga ɗan tsami-tsami mai daɗi. Na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba. Na yi tafi tare da kowa, amma haƙorana a cije suke.

Sati uku ina zagayawa ta bayan layi don kada in ga tagar. Abin da na riƙa lallashin kaina da shi ɗaya ne: ai lemon nan ni na ƙirƙira shi, ko da mugunta na yi. Ke nan hannuna ne ya ci, shagon nawa ne a hannun aro. Da wannan tunanin na shiga wajenta wata Talata da hantsi, na iske ta tana jera kek, an rubuta sunanta ɓaro-ɓaro a gilashi.

Na jira masu saye suka ragu, sannan na faɗa mata cewa takardar nan da na ba ta ba daidai take ba, da gangan na ɓata ta, don haka ta san wa za ta gode wa.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Haba Earline, ni za ki gaya wa? Uwata ma 'yar Mississippi ce. Ranar da na gwada takardarki ko karen gidanmu bai ci ba. Shekara tara ina gyara abina."

"To lemon fa?"

"Babu lemo a ciki ko ɗigo."

Ta yanko mini ɗaya ta tura gabana. Na ci don in sami abin kushewa, ban samu ba. Ya fi nawa. Na juya shi a baki, na kasa gane abin da ke ba shi wannan tsamin, ni da nake cewa ido ba mudu ba ya san kima. Ta ce ranakun Juma'a aiki yana yi mata yawa, in ina so in zo in kama mata, ƙungiya ma ta fi son a ɗauki 'yan unguwa. Na ce zan duba. Na kai bakin ƙofa, sai na ji bakina ya riga ni, wai ko za ta gaya mini abin da take sawa.

"Don wannan? Ai ke 'yar'uwa ce."

Ta yagi takarda ta rubuta a tsanake, da kyakkyawan rubutunta na 'yan makarantar Lahadi, ta ninke ta miƙo mini tana murmushi. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, kamar yadda ta yi mini a wancan lokacin.

Takardar tana kan teburin kicin ɗina yau kwana goma sha ɗaya. Na sayi dankalin, na sayi bota. Na karanta ta ya fi sau hamsin ina neman inda ta rage, har yanzu ban kunna obin ba.