Waken Jikama a Gayyar Likoro

A zamanin da Baturen gona ke yawo rangadi a ƙasar Zazzau, Jumare ne gadina, wato mai kula da lambu, a barikin Makarfi. Mutum ne mai ƙaramin jiki, marar yawan magana, wanda ya yi shekaru yana noman lambu a fadama kafin ya kama aikin bariki. Albasa da tumatir da rake babu mai koya masa su.

Da farkon wata damina Baturen ya zo da baƙin tsirrai iri biyu, ya ce a gwada su. Na farko yana cikin tukunyar ƙasa, ganyensa dogaye, ja wur. Tafintan Baturen ya ce sunansa kodilin, na ado ne kawai. Na biyu 'ya'ya ne a ƙunshin takarda, kamar wake sai dai sun fi shi faɗi. Wannan kuma jikama.

"Saiwarta ake ci," in ji tafinta, "ɗanya ma ana ci, ga ruwa ga zaƙi. Amma Bature ya ce ka buɗe kunne: ganyenta da furenta da wakenta duk guba ne. Ka riƙa tsinke furen don saiwa ta yi girma. Kunya ɗaya kawai za ka bari ta yi iri."

Jumare ya ce ya ji.

Jikama ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan. Ya yi mata kunya a ƙasa mai laushi inda rana ke duka, ya kafa mata sanduna, ta kama hawa abinta. Kodilin ne ya hana shi sakat. In rana ta yi yawa bakin ganyen ya ƙone, in ruwa ya kwanta a gindinsa ya yi yaushi kamar zai ruɓe. Da damina ta ɗauke sai ya koma safe a kai shi nan, yamma a mai da shi can, a yi masa rumfar zana, a taɓa ƙasarsa da yatsa kafin a ba shi ruwa. Kuma duk saƙon da Bature zai aiko, shi yake fara tambaya.

"Wai wannan da kake ta lallaɓa, miya ake yi da shi?" in ji matarsa Sabuwa.

"Kallonsa ake yi."

"To, Allah ya ba da lada."

Da kaka ta yi, waken kunyar irin ya bushe. Jumare ya ɓare shi, ya cika ƙaramar ƙwarya. Saboda kajin kukun Bature da ke yawo a bariki, sai ya kawo shi gida ya shanya a faifai a kan rumfar tsakar gida. Ya yi niyyar gaya wa Sabuwa ko mene ne, amma ran nan an wayi gari ganyen kodilin biyu sun faɗi, hankalinsa ya tafi can, ya wuni yana sauya masa tukunya.

Washegari da hantsi ya hau rumfa don ya juya waken. Faifai yana nan, babu ko ƙwaya.

"Sabuwa! Waken da na shanya a nan fa?"

"Au, na manta ban gaya maka ba. Yaya Azumi ta biyo jiya daga kasuwa, ta jira ka har ta gaji. Yau suke gayyar girbin dawa, ta ce wakenta ba zai kai ba. Na ga naka ya yi kyau, na juye mata."

Jumare ya diro daga kan rumfar. Azumi yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Likoro wajen Malam Tanko. Gayyar Malam Tanko kuwa ba ta kasa mutum ashirin.

"Duka kika ba ta?"

"Duka. Maigida, lafiya? Na Bature ne?"

"Guba ne, Sabuwa."

Ludayin da ke hannunta ya faɗi. Bai tsaya jin salatinta ba, ya ruga bariki, ya tarar da masinjan Bature yana goge kekensa. Bai san abin da ya faɗa masa ba, ya dai ga keken a hannunsa.

Hanyar Likoro ba gajeriya ba ce, ga yashi, ga ratse tsakanin gonaki. Yana tuƙi yana duban inuwarsa. Ya san al'adar gayya: da sassafe a sha kunu, abinci kuma sai rana ta take tsaka. Inuwar sai ƙara gajarta take a ƙarƙashin keken. Ya riƙa ƙirga mutanen da ya sani a unguwar yayarsa, wannan mai 'ya'ya shida, wancan bai daɗe da aure ba. Sai ya ce a ransa wataƙila ta ga waken baƙo ne ta ajiye shi don iri. Can kuma ya tuna halin Azumi, ba ta ajiye abin da zai cika tukunya. A wani rafi sarƙar keken ta zame, ya durƙusa yana mayar da ita, har sau uku kafin ta zauna. Wani dattijo a kan jaki ya yi masa sallama yana tambayar gida da iyali, Jumare ya wuce shi kamar bai ji ba, abin da bai taɓa yi wa babba ba.

Ya faɗa gidan Malam Tanko babu sallama. Murhu na hayaƙi, tukunya a kife, wata maƙwabciya mai suna Zulai na share wurin.

"Ina Yaya? Ina abincin?"

"Ikon Allah, Jumare, ko gaisuwa? Yanzun nan suka ɗauki faten zuwa gona."

"Da wake a ciki?"

"Har da na Turawan da matarka ta bayar."

Ya yar da keken a ƙofar gida ya bi ta cikin karan dawa da gudu, ganye na yankar fuskarsa. Daga nesa ya hango su a gindin ɗorawa. Maza sun ajiye lauje sun yi da'ira uku, ana zuba musu ruwan wanke hannu, ga manyan akusa a tsakiya suna tururi. Ya buɗe baki ya yi kira, numfashi ya ƙi. Sai kawai ya kutsa cikin da'irar farko ya kife akushin da hannu biyu, ya tsallaka ya shure na biyu, ya rungume na uku ya faɗi da shi. Fate mai zafi ya zubo masa a ƙirji.

Wuri ya kaure. Wani ya cafke wuyan rigarsa, wani na cewa aljanu ne suka buge shi. Malam Tanko ya miƙe, fuskarsa a murtuke.

"Jumare, a gaban baƙina? Me muka yi maka?"

"Yaya Tanko, ka gafarce ni," in ji shi yana haki. "Waken guba ne. Wa ya ci? Don Allah wa ya ci?"

Aka dubi juna. Babu wanda ya kai loma baki. Wanda ya riƙe masa riga ya sake shi a hankali, ya shiga goge hannunsa a ciyawa ko da yake bai taɓa abincin ba.

Sai Azumi ta yi magana daga bayansu, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ni na ɗanɗana gishiri. Sau biyu."

Jumare ya juya. Tana tsaye da tulu a hannu, tana shafa leɓenta da bayan yatsa.

"Tun a hanya nake jin bakina kamar ba nawa ba," in ji ta.

Aka zaunar da ita a inuwa. Aka dama ruwan gishiri mai ɗumi aka ba ta har ta yi amai, aka sake ba ta. Wata Bafulatana, Indo, da ta kawo tallan nono wajen masu gayya, ta sauke ƙwaryarta ta riƙa ba ta da ludayi. Azumi ta yi zufa sharkaf, ta ce ƙasa na juya mata, ta kwanta a kan zaninta. Jumare ya durƙusa a gefenta yana kallon yadda ƙirjinta ke hawa da sauka. In ta rufe ido sai ya kira ta har ta buɗe. Babu wanda ya koma girbi. Mutane suka yi azahar a nan bakin gona, suka dawo suka zauna kusa da ita.

Sai wajen la'asar ta tashi zaune da kanta ta nemi ruwa. Ta sha, ta dubi ƙanenta, ta dubi rigarsa da faten ya bushe a kai.

"Kai dai tun kana yaro ba ka faɗin magana sai ta kwana," in ji ta. "Je ka a shafa maka man shanu a ƙirjin nan, ya tashi."

A lokacin ne ya ji zafin ƙunar.

Malam Tanko ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne faten har da ƙasar da ya zuba a kai, don kada awaki ko karnuka su lasa. Mata suka koma gida suka ɗora tuwo. Da aka natsu, Jumare ya durƙusa gaban mijin yayarsa ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, ba na Sabuwa ba, domin shi aka gaya wa, shi kuma bai gaya wa kowa ba.

Malam Tanko ya ɗaga kai. Ya dubi rabin gonar da ke tsaye ba a yanke ba.

"Allah ya tsare, sai mu gode masa," in ji shi. "Amma ka ɓata mini wuni guda. Gobe akwai lauje ɗaya da babu mai shi."

Jumare ya aika wani mai zuwa Makarfi ya mayar wa masinja kekensa, ya kuma gaya wa Sabuwa kowa lafiya. Da gari ya waye ya ɗaura tsumma a ƙirji, ya shiga sahun masu yankan dawa.