Jitar da Awino Ta Aiko

"Direba, a hankali! Ba buhunan gawayi ka ɗauko ba!"

Ogutu ne ke ihu daga bayan a-kori-kura, ya rungume wani baƙin akwati a ƙirji, ya tokare ƙarfen motar da ƙafafu. Duk ramin da direban ya faɗa, sai ya ɗaga akwatin sama, ya bar ƙugunsa ya sha dukan. Ganguna da lasifikoki da janareto na ta karo da juna a bayansa, ko waiwaye bai yi ba.

"Gawayin ai mu ne," in ji Owiti, mai kaɗa jita ta biyu, wanda suka yi rabin rayuwarsu suna kiɗan benga tare, kiɗan rawa na mutanen yankinsu. "Ga matarka can zaune kan safaya, ban ji ka ce a sassauta don ita ba."

Matar Ogutu, wadda kowa ke kira 'Yar Seme da sunan garinsu, tana riƙe da kwandon kifin da za ta soya ta sayar a wurin bikin saka sabon jirgi a ruwa da aka gayyace su. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Ƙyale shi, Owiti. Ni 'yar gida ce. Baƙuwa ake tattali."

Baƙuwar ita ce ke cikin akwatin. Jitar lantarki ce ja, ƙirar Amurka, wadda 'yarsu Awino, ma'aikaciyar jinya a Jamus, ta aiko wa ubanta. Kuɗinta ya isa mutum ya kafa garke. Tun da ta iso gidan, Ogutu ba ya taɓa ta sai ya wanke hannu da sabulu, kuma a bayan gado take kwana, can ɓangaren bango, inda ko ɓarawo ya shigo sai ya tsallake mutum biyu. Tsohuwar jitarsa kuwa, wadda ya saya a wani shago a birnin Kisumu, ba ta arha ba kuma ba ta tsada ba, ya miƙa wa Owiti ita. Ga ta nan tsakanin ƙafafun Owiti ba akwati ba riga, fentinta ya goge inda hannu ke kwanciya. Ta sha giyar da ta zube, ta taɓa faɗowa daga acaɓa, ba ta taɓa ƙin tashi ba.

"Ni dai na faɗa maka," Owiti ya ci gaba, "a wannan lasifikar tamu mai mura, duk jita ɗaya ce. Awino ta biya kuɗin suna ne kawai."

"Kunnenka ne ke mura, mutumina. Ka ji yadda take riƙe sauti? Ka taɓa wuyanta?"

"Yaushe ka bar ni na taɓa?"

A nan sai a yi wa Ogutu adalci. Duk wanda ya ji jitar a tsakar gidansa da yamma ya san ba ƙarya yake ba. Muryarta tas take fita, tsirkiyarta ba ta saki, yatsa na tafiya a kanta ba gardama. Abin da ba a sani ba shi ne yadda za ta yi a cikin jama'a, don yau ne fitarta ta farko.

Sun isa bakin tabki rana ta ɗaga. Sabon jirgin kamun kifin Maman Apondi na kwance kan yashi, an yi masa fenti shuɗi da rawaya, an ɗaura masa furanni a baki. Mata na ta tuƙa tuwon masara a manyan tukwane. Maman Apondi da kanta ta tarye su, mace mai jiki da murya, wadda masunta da yawa ke cin abinci a ƙarƙashinta.

"Dattijo, ka iso lafiya? Yau fa ina so yashin nan ya yi zafi. Ka san halin yaran nan, jirgin da ya shiga ruwa shiru ba mai son hawansa."

"Haba, Mama! Yau aka fara?"

"A'a, ina dai faɗa." Ta nuna gindin mangwaro da baki, inda wani mutum mai baƙin tabarau ke zaune da kwamfuta a cinya. "Ɗan ƙanwata ne, DJ, mai sa kiɗa da na'ura. Ya nace sai ya zo. Na ce ya zauna, ƙila ba a buƙace shi ba."

Abin da ya sa ake neman Ogutu a duk bakin tabkin nan sananne ne. Ba ya tsayawa kan dandamali. Yana da wata doguwar waya da ya haɗa da kansa, da ita yake sauka cikin mutane yana kiɗa. Mata su share masa gumi da hankici, maza su cusa masa kuɗi a tsakanin tsirkiyoyi, masunta su riƙa dukan jitar da hannu mai ƙarni don jin daɗi. Haka zai shiga gaban jirgi, jama'a na turawa suna rawa, har inda wayar ta ƙare a bakin ruwa.

Yau kuwa, kafin ya rataya jitar sai ya zare bel ɗinsa, kada ƙarfen ya goge mata baya, ya ɗaure wandon da igiyar leda. Ya cire agogo. Ya shimfiɗa ɗan tawul inda damtsensa zai kwanta. Sannan ya koma can ƙuryar dandamali inda rana ba ta kaiwa, ya ware ƙafafu don wandon ya tsaya, ya fara kiɗa.

Sautin ya fita da kyau, ba mai musu. Amma kiɗan mutum ne da ke tafiya da cikakken kwanon miya a hannu. Mutane suka taso da niyyar rawa, suka ɗan girgiza kafaɗa, suka dubi juna. Owiti na ta zuba masa shimfiɗa da tsohuwar jitar, yana kallonsa yana masa alama da gira, Ogutu kuwa idonsa na kan wani maƙwabcin dandamali da ke jijjiga kwalbar lemo.

Wata tsohuwa mai awarwaro har gwiwar hannu ta hau dandamali da hankicinta tana guɗa. Ta daɗe tana share wa Ogutu gumi a bukukuwa, tun yana da gashi. Da ya hango ƙarafan hannunta na nufo jitar sai ya juya mata baya. Tsohuwar ta tsaya da hankici a sama, ta dube shi, ta ninke abinta ta sauka. Waɗanda suka rage a fili suka bi ta zuwa wurin tukwane.

Maman Apondi ta zo ta ce a dakata a ci abinci. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi ɗagawar ban tsoro.

"Dattijo, ba ka da lafiya ne?"

"Lafiya ƙalau, Mama."

"To, iska za ta tashi nan gaba kaɗan, dole jirgin nan ya shiga ruwa kafin nan. In an gama cin abinci, waƙa ɗaya zan ba ka. In yashin bai motsa ba, ka yi haƙuri, yaron can zai haɗa kayansa."

Ogutu ya san abin da hakan ke nufi. Makaɗin da aka sauke da rana tsaka aka ɗora kwamfuta, kafin jiragen yamma su dawo labarinsa ya zaga tabkin, kuma ba mai sake kiransa. Ba shi kaɗai ba, har mutanen da ke bayansa da iyalansu.

Owiti ya same shi a bayan dandamali ya kasa cin tuwon. Ya miƙa masa tsohuwar jitar. "Ungo. Bar gimbiya a akwatinta, ka ɗauki wadda ta san ka."

"Ba zan iya ba."

"Don me?"

Ogutu ya nuna 'yan'uwan da ke ɗaukar bikin da waya. "Awino za ta gani. Yarinyar nan kwana take a tsaye tana juya tsofaffin Turawa, ta hana kanta komai ta saya min wannan. Sai ta gan ni da waccan? Ko kuma ta ga na bari an lalata mata ita?" Tsoro ne da ƙauna suka haɗu suka ɗaure shi, ga kunya a kai.

'Yar Seme na tsugune kusa da su tana gyaran kifi, duk ta ji. Ta ɗauraye wuƙarta, ta goge a zane, ta miƙe.

"Baban Awino, buɗe min na ga baƙuwar nan a hasken rana."

"Ba yanzu ba, 'Yar Seme."

"Haba, 'yar tawa ce ta aiko fa. Kallo kawai."

Ya buɗe akwatin. Ta sunkuya kamar mai sha'awa, ta ɗora bakin wuƙar a farin farantin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, ta ja layi mai tsawon yatsa.

Owiti ya ɗora hannu biyu a ka.

"Shi ke nan," in ji ta. "Abin da kake gudu ya faru. Yanzu me ya rage?"

"Ke! Kin haukace? Kin san... kin san kuɗin..."

"Na sani sarai. Awino jita ta aiko maka, ba jinjiri ba. In kana da magana, ka faɗa min da yatsunka, don bakin naka ya mutu." Ta jefa wuƙar cikin kwando, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta nufi tsakiyar fili ita kaɗai tana rangaji, tana waiwayensa.

Ogutu bai san lokacin da ya rataya jitar ba. Tawul ya faɗi, bai ɗauka ba. Ya fizgi doguwar wayar ya soka, ya buga wani sauti mai kaifi da ya sa masu cin tuwo suka tsaya da loma a hannu. Mai ganga ya ruga ya kama sanduna. Owiti ya shigo ta ƙasa yana dariya har da hawaye.

Ogutu ya diro daga dandamali ya bi matarsa. Zaginta yake da jitar, kowa ya gane, don a benga jita magana take. Ya jefa mata wata doguwar tuhuma da siraran tsirkiyoyi, ita kuma ta ba shi amsa da ƙugu, tana ja da baya wajen jirgin. Ya ƙara, ta ƙara.

"Faɗa mata, Dattijo!" wani masunci ya yi ihu.

"Ƙarya yake, 'Yar Seme, taka shi!" mata suka amsa.

Kafin a ce wani abu fili ya cika, maza a bayan Ogutu, mata a bayan matarsa, ƙura ta tashi. Can cikin kiɗan fushin ya narke bai sani ba. Jitar ta buɗe murya irin wadda ba a taɓa ji a bakin tabkin ba, kowane ɗan sauti na fita daban ko ta cikin lasifikar mai mura, yatsunsa na zuwa wuraren da tsohuwar ba ta taɓa bari su je ba. Daɗi ya kama shi, irin na yarinta. Tsohuwar nan mai awarwaro ta dawo ta share masa goshi, ya rusuna mata, ƙarafanta na bugun jitar. Wani ya cusa kuɗi a tsirkiya. Wandon ya fara sauka, Maman Apondi da kanta ta kamo igiyar ta baya ta riƙe masa suna tafe, jama'a na faɗuwa don dariya.

Masunta suka sa kafaɗa. Jirgin ya motsa, ya zame kan itatuwan da aka jera, Ogutu na gaba yana kiɗa har wayar ta ƙare dab da ruwa. A nan ya tsaya, jirgin ya wuce shi ya faɗa tabki, guɗa ta tashi. Mai tabarau ma an hango shi cikin masu rawa, ya bar kwamfutarsa a gindin mangwaro.

Da la'asar suka zauna hutawa kan wani tsohon kwale-kwale da aka kife. Jitar na cinyar Ogutu, duk shatin yatsu da maiƙon kifi.

"To, na yarda," in ji Owiti, yana sakace. "Ta fi tawa. Amma ba da nisan da kuɗinsu ya yi ba."

"Taka? Aro na ba ka."

"Ka zo ka karɓa."

Ogutu na dariya yana shafa layin wuƙar da babban yatsa, har ya fara jin ya saba da shi. Sai ya ji gefen layin ya ɗago. Ya kama da farce ya ja, wata siririyar leda ta biyo hannunsa, irin wadda ake manna wa sabon kaya daga masana'anta. Ta ɓare gaba ɗaya, da layin da maiƙon. Farantin da ke ƙasa fes yake, ko ƙwarzane babu, yana ɗaukar ido.

Owiti ya zame daga kan kwale-kwalen yana riƙe ciki.

"'Yar Seme!" Ogutu ya kira. Ta iso da kwandonta, ta sayar da kifin kaf. Ya ɗaga mata ledar. "Kin san da wannan?"

"Ni da ke share ƙurar ɗakin? Tun ranar da ta zo na ga bakinta ya ɗago a kusurwa."

Daga wajen rumfa aka fara kiran sunansa, masunta sun dawo da jirgin daga zagayen farko, suna son a koma fili. Ogutu ya dubi jitar tana sheƙi, ya ji kafaɗunsa sun fara ƙagewa kamar ɗazu da safe. Ya miƙa wa matarsa ita.

"Sake yi. Wannan karon ki danna."

"Ni?" Ta ja da baya, ta dafe ƙirji. "In karce gumin 'yata? Allah ya kiyaye. Ban haukace ba."

Aka sake kiran sunansa, da tafi. Ogutu ya mayar da jitar kan cinyarsa. Sannan ya sa hannu cikin kwandon ya ɗauko wuƙar da kansa.