Mai Sunan Baba

Rilwanu ya fi shekara yana shirin kashe Sharhabilu. Ya zaɓi wurin, ya zaɓi macijin. Kububuwa ce, a ƙarƙashin tarin kara, lokacin sharar gona, ana gobe za a ɗaura masa aure da Fauziyya. A babin ƙarshe za a yi ta. Tun bai rubuta ba yana hango matan Batsari da Safana suna share hawaye da bakin zane, kuma hangen yana yi masa daɗi.

A Yasore yake rubutun, a littafin makaranta, in ya dawo daga kai taki gona. Sai ya ɗauki hoton shafukan da waya, ya hau tudun bayan gari inda sabis ke leƙowa, ya tura wa Mahfuza. Mahfuza ɗiyar kawunsa ce, taubashiyarsa, kuma Allah ya ba ta murya. Ita ke karantawa ta naɗa, ta watsa a guruf-guruf na mata. Da bakin Fauziyya aka ba da labarin tun daga farko, har wasu sun ɗauka Mahfuza tarihin kanta take faɗi. Ana daka ana saurare, ana kitso ana saurare. Shi da kansa ya taɓa gwada naɗa babi guda. Wata ta tambaya ko sanarwar rasuwa ce. Bai sake ba.

Sunan ma ba haka kawai ya ɗauko shi ba. A labarinsa na farko ɓarawon ciki Mamman ne sunansa. Mamman uku suka zo har ƙofar gida neman ba'asi, ɗaya da rakiyar ubansa. Shi ya sa a wannan karon ya nemo sunan da bai san mai shi ba, daga Yasore har Darini.

Sai Mahfuza ta yi aure, aka kai ta Tsaskiya, gidan su mijinta Kamalu. Babin da ya tura ya daɗe bai fito ba. Ya ce amarci ne, ya yi haƙuri. Ranar da ya fito yana kan tudu. Ya danna, ya kara a kunne.

Babin bankwana ne a bakin rijiya, wanda ya fi shan wahala a kansa. Abin da ya rubuta shi ne, “Sharhabilu, in ka tafi, wa zan kalla in ji sanyi?” Muryar Mahfuza ta taho a hankali, har da 'yar rawar nan da ke sa mata ajiye taɓarya.

“Mai sunan Baba, in ka tafi, wa zan kalla in ji sanyi?”

Ya mayar baya. Haka ta ce. Ya saurari sauran. Mai sunan Baba ya yi murmushi. Mai sunan Baba ya sunkuyar da kai. Zuciyata ta buga da na hango mai sunan Baba a kan keke. Ya leƙa guruf, ya tarar an cika shi da dariya. Wata ta ce ta ƙware da kunu. Wata ta tambaya wane Baban.

Ya kira Mahfuza, sabis ya ɗauke. Ya zauna a kan tudun har rana ta kore shi.

Washegari ya ari babur ɗin yayansa. Mahaifiyarsa ta ce ya gaishe da ɗiyarta, kuma ya tabbata ya kamo hanya da la'asar, don ya san yadda hanyar take.

A zauren gidan ya tarar da uban Kamalu, wanda kowa ke kira Sarkin Noma, ya miƙe ƙafa yana tufka igiya. Rilwanu ya cire takalmi ya durƙusa. Aka gaisa. Aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen Yasore ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya rasu bara. Sannan tsohon ya ce, “Ai kai ɗan gida ne. Shiga.”

Mahfuza na zaune a inuwar rumfa tana tsince shinkafa, lalle bai gama fita a hannunta ba.

“A'a! Bawana ne da tsakar rana? Mi ka kawo wa uwargijiyarka?”

“Ƙara na kawo.”

“Zauna tukuna ka sha ruwa. Dubi wuyanka, kamar na zakaran da aka fasa yankawa.”

Bai zauna ba. “Wane ne Baba?”

Ta ajiye faifan, ta dubi ƙofar zaure, ta rage murya. “Wanda ka gama gaisarwa yanzu.”

“Sarkin Noma?”

“Sarkin Noma sarauta ce, ɗan boko. Halan ka zaci da ita aka raɗa mashi?”

Rilwanu ya zauna.

“Ni ma ban sani ba,” in ji ta. “Wa zai gaya mani? Kamalu sunan gari ya liƙa a bayan nashi tun a makaranta, ba na ubanshi ba. Kwanana kaɗan a gidan nan, na shiga ɗaki na kunna waya, na ce bari in rage wa bawana aiki. Na kai wurin rijiyar nan. Ka san yadda nike yi in na shiga labari. Na ɗaga murya na kira sunan, har da jan shi. Sai na ji daga zaure an ce, ‘Na'am?’”

Rilwanu ya rufe ido.

“Na sake kira, don ban gane ba. Aka ce, ‘Na'am, wa ke nema na?’ Inna ta saki ƙwarya. Kamalu ya shigo da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. Wallahi yini na yi a bayan gado. Amarya ko wata ba ta yi ba, tana ƙwala wa surukinta kira tana tambayarshi wa za ta kalla ta ji sanyi!”

“Ba shi kike kira ba. Na littafi ne.”

“Je ka zaure ka yi wannan bayanin.”

“Kin kashe mani babi, Mahfuza. Dariya suke yi.”

“To sake mashi suna.”

“Mutum ya yi shekara da sunanshi, a wayi gari a ce ba shi ba ne?”

“Ba shi laƙabi. Ba ka ce dogo ne ba? Mu ce Dogo.”

“Dogo.” Ya maimaita kamar ya tauna tsakuwa a tuwo. “Mace ta faɗi a kan gawar masoyinta tana Dogo, Dogo, kamar mai tsai da ɗan acaɓa?”

“Gawar wa?”

Ba Mahfuza ce ta yi tambayar ba. Inna Hansai ce, uwar Kamalu, tsaye a bayansa da kwanon fura a hannu. Rilwanu ya zame daga kujera ya durƙusa.

“Inna, ina wuninku? Mun same ku lafiya?”

“Lafiya lau. Gawar wa?”

Ya dubi Mahfuza. Ita ma shi take kallo, baki buɗe. Ko ita bai taɓa gaya wa ƙarshen ba.

“Wato... a labarin ne, Inna. Yaron zai rasu.”

“Wane yaron? Mai sunan Malam?”

“Shi.”

Inna Hansai ta ajiye furar nesa da shi. Ta zauna a bakin turmi, ta gyara ɗaurin kallabi.

“Ɗan nan, tun kafin a kawo mani yarinyar ga nike jin labarin nan a wayar maƙwabta. Duk inda aka zo sunan sai in yi tari, in wuce. Na yi haƙuri da kawun Fauziyya mai baƙin ciki. Na yi haƙuri sanda ka tura yaron nan ci-rani ba dalili. Ashe duk wahalar da ka ba mu, kashe shi za ka yi?”

“Inna, haka labarin ya zo.”

“Ya zo daga ina? Ba kai ke riƙe da biron ba?”

“In bai mutu ba, ba za a tuna da littafin ba.”

“Za a tuna da kai kau. A ce ga wanda ya sa suruka ta yi kukan mutuwar mai sunan surukinta, a cikin gidanshi, yana zaune a zaure da ranshi. Wanga wane irin fata ne?”

Aka yi gyaran murya. Sarkin Noma ne a bakin ƙofa, igiyarsa a kafaɗa. Mahfuza ta ja mayafi ta rufe fuska. Ga alama ya jima a wurin.

“Mi zai kashe ni?” ya tambaya.

“Baba, ba ku ba ne...”

“Na ji. Mi zai kashe shi?”

“Kububuwa.”

“A ina?”

“A ƙafa. Wajen sharar gona.”

Tsohon ya ɗage ƙafar wando, ya nuna wani tabo a idon sawu. “Ta taɓa gwadawa,” ya ce. Ya saki wandon, ya koma zaurensa.

Daga cikin mayafi kafaɗun Mahfuza na rawa.

Da ta samu numfashi ta ce, “Bawana, bar wasa. Sunan nan ba zai sake fita bakina ba. Mutuwar nan kuma ba da muryata ba. In ka matsa, karanta abinka. Ka ga dama ce, tunda dai sanarwar rasuwa ce.”

Rilwanu ya lissafa matan da ya sani masu iya karatu da murya. Ƙanwarsa tana karatu kamar ana bin ta da bulala. Malamar Islamiyya ba za ta taɓa littafin soyayya ba. Ba Mahfuza, ba littafi. Ya san haka tun a kan tudu, zuwa kawai ya yi.

“Ni ban ga abin wahala ba,” in ji Inna Hansai. “Ba yarinyar ce ke ba da labarin ba? To ɗaura masu aure. Daga ranar bakinta ya rufe. Wace ɗiyar mutunci ce ke kama sunan mijinta? Ni shekara nawa ina gidan nan, ka tambaya in an taɓa ji. Sai ta ce Malam, ta ce maigidan, ta ce shi. Kowa ya huta.”

“Inna, kowane littafi da aure yake ƙarewa.”

“To kai ka fi kowa ne?”

Ta tura masa furar gabansa, ta ce Mahfuza ta kawo tabarma. Littafin na cikin aljihunsa, bai san yadda aka yi ta sani ba.

Ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya buɗe sabon shafi. Ya daɗe yana kallonsa. Kaji suka zo suka duba shi suka wuce. Daga bisani ya rubuta kalma biyu: An ɗaura.

Daga nan biron ya kama gudu, don ya samo inda zai huce. Aure suke so, za su samu. Amma ba za su ji daɗinsa ba. Ya tara hadari daga gabas, baƙi ƙirin. Ya saki iska ta yaye rumfar 'yan biki. Ya kwararo ruwa a kan tuwon da aka kwana ana tuƙawa. Kalangu ya jiƙe ya daina magana. Motar amarya ta kafe a laka, aka sauke Fauziyya ta taka da ƙafa, lallenta na zuba, takalminta ɗaya ya tafi da ruwa. Ta isa ɗakinta tana rawar sanyi, ɗakin na yoyo, ta tarar da shi tsaye yana tara kwano. A nan ya tsaya. Ya karanta, ya ga ko ba gawa akwai baƙin ciki daidai gwargwado. Ya miƙa wa Mahfuza.

Kafin ta gama dubawa maƙwabta sun shigo, don Inna Hansai ta leƙa ta katanga. Mahfuza ta kunna waya, ta gyara zama.

“An ɗaura,” ta karanta.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sai da aka sake ɗauka daga farko.

Ta bi babin tiryan-tiryan, ba tari, ba tsallake. Da ta zo “na ɗaga ido na ga Malam,” ta ɗan yi ƙasa da murya yadda amare ke yi, matan suka ce ayyo. Rilwanu bai kula ba. Hadarinsa yake jira. Hadarin ya taso, iska ta yaye rumfa, ruwa ya sauka a kan tuwo. Ya saci kallon fuskokinsu.

Inna Hansai ta ɗaga hannu biyu sama. “Alhamdu lillahi! Ruwan farko a ranar aurenta? Yarinyar nan mai goshi ce.”

“Tun da na ji ta na san 'yar albarka ce,” in ji mai guɗar.

“Ɗakin fa na yoyo,” Rilwanu ya ce.

“Yo ai sai ya hau ya gyara. Mi ye amfanin shi?”

Daga zaure muryar Sarkin Noma ta taso. “Ruwan ya jiƙa ƙasa sosai?”

Duk aka juyo ana kallon Rilwanu.

“Ya jiƙa, Baba.”

“To na shuka ne. Ka ce da takwarana kar ya biye wa angwanci, ya fita da iri da sassafe.”

Aka kira la'asar. Mahfuza ta rako shi har bakin zaure, tana tura babin a guruf tun kafin ya ce a tura. Inna Hansai ta sa an ɗaure masa zakara a bayan babur, tukwicin biki.

Ya tsaya yana juya makulli a hannu. “Tsakani da Allah, ba wanda ya ba ki tausayi a ciki?”

Mahfuza ta yi tunani.

“Tuwon,” ta ce.