Aron Bake

Sabi ya sauka daga babur ɗin haya a ƙofar masaƙar yayarsa Nyon a garin Faraku, yana ta juya magana a baki. Tun daga garinsu Nikki yake neman kalmar da zai faɗa. A wajensu, yaron da aka ba 'yar'uwa riƙo ya zama nata, uban kirki ba ya waiwaye. Amma ga matarsa kwance, ba ta kiran kowa sai Bake, 'yar da suka ba Nyon tun daga yaye.

Nyon ta ba shi ruwa, ta ƙare masa kallo.

"Ƙanena, wannan gumin ba na rana ba ne. Faɗi."

"Yaya, na zo ne in... ƙwato Bake."

"Ƙwato?" Ta tafa hannu. "Jama'a, ku zo ku ga ɓarauniya! Abin da aka ƙwace ake ƙwatowa. Katangarka na haura?"

"To, in fanso ta."

"Jingina ka kawo mini ita?"

"In karɓo..."

"Ajiya ce, kamar buhun masara?"

Sabi ya sunkuyar da kai. Daga cikin rumfa wata murya ta tashi: "Zaren nan ya yi sako-sako, warware ki sake!" Bake ce, ta zama doguwar budurwa, tsaye a kan masu koyo, duk sun nutsu. Wata mai saye kuma ta kafe, ita sai zanen da Bake ta saƙa da hannunta, ko za ta jira har kaka. Ƙirjin Sabi ya cika. Goshin na uwarta ne, tsayin nasa ne, amma hannun nan Nyon ce ta yi shi.

Bake ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta juya ga Nyon. "Inna, in kawo masa sakwara?"

Sabi ya gyara murya. "Yaya, wadda ta haife ta ba ta da lafiya. Ki ara mini 'yarki."

Nyon ta share ido da gefen zane.

"Ashe bakin nan ya iya magana. Bake, haɗa kayanki. Kai kuma, sarkin gumi, ci abinci tukuna."

A tasha, direba ya dubi budurwar da ke tsara masa yadda zai ɗaure kaya.

"Baba, wannan 'yarka ce?"

Sabi ya gyara hula, ya ɗaga murya yadda na bayan mota ma za su ji.

"'Yar yayata ce. Aro aka ba ni."