Wurin Wanki a Faransa

Tun da Marwan ya dawo daga hutu a Faransa, kunnen kakarsa Kabira bai huta ba. Yau ma ya zo ɗakinta a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, ya jibge jaka a bakin ƙofa, ya cusa mata waya a fuska.

Wai hotunan wani ƙauye ne. Ga shi yana hawan dutse da sanda, shi da ko burodi zai sayo sai da mota. Ga shi kan keke cikin gonar inabi, ga wani kango wai gidan sarki. Kabira ta taɓe baki. Kangon da ko akuya ba za ta kwana ciki ba!

"Ya sitti, dubi wannan," in ji shi, yana kiran ta kaka da Larabci. "Nan matan ƙauyen suke wanki a zamanin da. An adana wurin don girmama su."

Ta ƙura ido. Marwan ne durƙushe a bakin wani ginannen tafki, yana murza hankici, yana washe baki. Ta dubi hannuwanta da sabulu ya cinye. Da wankin alhazai ta ciyar da ubansa har ya zama mutum, amma yaron nan bai taɓa kawo aboki ɗakin nan ba.

"Mene ne a jakar?"

"Kayana ne suka yi datti. Na ce ko za ki..."

Ta tura masa baho da ƙafa.

"Durƙusa. Ni zan ɗauke ka hoton."